Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Rashin Lafiyar Ƙanensa

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Wasiƙarka ta iso, kuma tun da na karanta labarin ƙanenka hankalina bai kwanta ba. Ka ce kullum ramewa yake yi, tari ya ƙi sakinsa, da dare gumi ya jiƙa masa shimfiɗa, har an fara raɗe-raɗin wai wani ne ke zuƙe masa jini da ƙarfi.

Aminina, wannan zargi ya daɗe a duniya. A ƙasar Sin akwai labarin gawa mai tsalle-tsalle da ake kira jiyanshi, wadda ke tsotse kuzarin mai rai. A ƙasar Sabiya da ke Turai kuwa abin ya kai ga hukuma: a 1732 likitocin sojan Ostiriya suka rubuta rahoto kan gawarwakin da aka tono a ƙauyen Medweja, saboda mutanen garin sun rantse cewa matattu ne ke tashi da dare suna kashe su. Sun ga gawa ta yi ƙiba, ga jini a baki, ga farce ya yi tsawo. Kuma gaskiya sun gani, fassarar ce ta karkace. Iskar ruɓewa ke kumbura ciki ta turo ruwa mai kama da jini ta baki, fata kuma ta ja baya sai farce ya fito kamar ya ƙaru. Sai a 1755 Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya ta sa likitanta ya bincika, daga nan ta hana tonon kaburbura.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai na Amurka ne, a jihar Rod Ailan, shekarar 1892. Gida guda, uwa ta rasu, babbar 'ya ta bi ta, sannan wata budurwa mai suna Mercy Brown, 'yar shekara 19. Ɗan'uwanta Edwin na kwance yana ramewa. Maƙwabta suka matsa sai da aka buɗe gawarta, aka tarar ba ta ruɓe ba, alhali sanyin hunturu ne ya riƙe ta. Aka ƙone zuciyarta, aka jiƙa tokar aka ba shi ya sha. Wata biyu tsakani shi ma ya cika. Tarin fuka ne ya cinye gidan nan, kuma shekara goma kafin haka likitan Jamus Robert Koch ya riga ya gano ƙwayar cutar. Duk lokacin da na tuna mahaifin yaran nan sai tausayinsa ya kama ni.

Su gawa suka zarga. Abin da nake tsoro a wajenku shi ne a nuna mai rai da yatsa. A Malawi, a 2017, jita-jitar masu shan jini ta sa an kashe mutane, don kawai an zarge su.

Don girman Allah ka kai yaron nan asibiti cikin makon nan, a yi masa gwajin kaki. Idan tarin fuka ne, yana warkewa, sai dai maganin yawanci na ɗaukar wata 6, kuma ba a yankewa ko ya ji sauƙi. Masu kwana ɗaki ɗaya da shi su ma a duba su.

Ka rubuto mini abin da likita ya ce. Ka gaida mini Mama, ka yi wa yaron sannu. Allah ya ba shi lafiya.

Naka,
Amininka