Musayar ɗalibai: a Zariya ake gyara tafiyar, tun kafin a hau jirgi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da ɗalibai da iyayensu kan tafiyar musayar ɗalibai, wato yaro ya bar jami'arsa zango ɗaya ko biyu, ya je wata jami'a a ƙasar waje ya yi karatu, sannan ya dawo ya ƙarasa digirinsa inda ya faro. Daga harabar Samaru har ta Kongo a Jami'ar Ahmadu Bello maganar ta fara yawa a bakin yara, kuma muna murna da hakan. Abin da ke ci mana rai shi ne a ga ɗalibi mai ƙwazo ya tafi, ya ci jarrabawarsa a can, ya dawo a ce masa darussan ba su shiga lissafi ba, sai ya maimaita zango. A nan gida ake yin wannan asarar, tun bai sayi tikiti ba.

Babbar ƙofar da ɗan Najeriya ke bi zuwa Turai ita ce Erasmus+, shirin Tarayyar Turai da ya samo asali a 1987, aka buɗe shi ga jami'o'in ƙasashe irin namu daga 2015. Ana yin wata 2 zuwa wata 12. Jami'ar da za ta karɓe ka ba ta karɓar kuɗin makaranta, kuma ana ba ɗalibin da ya fito daga irin ƙasarmu tsakanin Yuro 800 zuwa 900 a wata gwargwadon tsadar ƙasar, da wani abu na kuɗin jirgi. Amma gurbin ba a kasuwa yake ba. Sai jami'arka tana da yarjejeniya a rubuce da ta can, ita za ta tace ɗalibai ta aika da sunaye. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo wa ɗanka gurbin musaya, ɗan damfara ne, ko da kuwa ya nuna takarda mai tambari.

Takardar da ta fi fasfo muhimmanci ita ce yarjejeniyar darussa. Mutum uku ke sa mata hannu: ɗalibi, jami'ar gida, da jami'ar da za ta karɓe shi. A cikinta ake jera kwasa-kwasan da zai ɗauka a can, a gefe kuma a rubuta kwas ɗin gida da kowanne zai maye gurbinsa, da lambarsa da yawan yunit ɗinsa. Turai na aiki da ma'aunin nauyin kwasa-kwasai da ake kira ECTS, wato yunit ɗinsu, cikakken zango maki 30 ne, shekara 60. Yunit ɗinmu ba daidai yake da nasu ba, saboda haka dole shugaban sashe da jami'in jarrabawa su zauna da manhajar kwasa-kwasan can a gabansu, su duba abin da ake koyarwa mako-mako, su yanke wanne ya isa ya tsaya a madadin wanne. Kar ɗalibi ya yarda da "je ka, in ka dawo ma gani". Shugaban sashe na sauyawa, wanda ya yi maka alkawari da baki yana iya tafiya hutun bincike, wanda ya gaje shi kuwa abin da ke cikin fayil kawai zai duba. A nemi kwamitin sashe ya amince, amincewar ta shiga bayanan taro, a ajiye kwafi a sashe, a tsangaya, da hannun ɗalibi.

A wannan zaman ne kuma za a yanke yadda za a juya sakamako. A Jamus 1.0 ne mafi kyau, 4.0 ne ƙarshen ci, 5.0 faɗuwa. A Faransa bisa 20 ake ba da maki, 10 ne ci, kuma 14 maki ne mai kyau ƙwarai a wurinsu. A Italiya daga 18 zuwa 30 ne ci. Wanda bai san wannan ba, in ya ga 1.3 na Jamus a takarda sai ya ɗauka yaron ya sha ƙasa, alhali ya yi zarra.

Sau da yawa ɗalibi zai isa ya tarar an soke kwas ɗin da ya zaɓa, ko lokacinsa ya ci karo da wani, ko ashe da harshen ƙasar ake koyar da shi ba da Turanci ba. An yarda a yi gyara a makonnin farko, amma gyaran ma sai an sa masa hannu daga ɓangarori ukun. Yara kan sauya kwas su yi shiru, su dawo da sakamakon da babu shi a yarjejeniya, a nan kuma babu wanda zai iya taimakonsu. Sannan kar a manta da rajistar gida. Ɗalibin musaya ɗalibin jami'arsa ne har yanzu, zai biya kuɗinsa ya yi rajista a shafin makaranta kamar kowa, in ba haka ba a rubuta shi cikin waɗanda suka yi ɓatan dabo.

Sai maganar kalanda. A Jamus laccocin zangon hunturu na farawa tsakiyar Oktoba su ƙare a Fabrairu, na bazara kuma daga Afrilu zuwa Yuli. A Faransa Satumba ake komawa. Namu kalandar kuwa yajin aiki ya sha karkata ta, na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yana yiwuwa zango ɗaya a can ya haɗiye rabin zango biyu a nan. A ɗora kalandun biyu gefe da gefe a gani ko ranar tafiya za ta faɗa kan jarrabawar gida. A ra'ayinmu aji uku ya fi dacewa, in ba zangon koyon aiki a masana'antu ya faɗo ciki ba. Ajin ƙarshe akwai aikin bincike, kuma wanda ya kusa shekara 30 ya tuna jinkirin shekara ɗaya na iya raba shi da bautar ƙasa.

Takardun tafiya a fara su wata shida kafin lokaci. Abin da ya fi kayar da yaranmu suna ne: Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar makaranta, Muhammed a lambar NIN, ko ranar haihuwa ta bambanta. A daidaita su tun da wuri, domin da sunan fasfo za a rubuta takardar gayyata da tikiti. Fasfon ya zama yana da sauran rai har bayan ranar dawowa da watanni, da shafuka biyu babu komai a kansu. In an nemi tantance takardun makaranta, a Abuja ake yi, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tukuna sannan Ma'aikatar Harkokin Waje. Katin rigakafin shawara kuma sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki.

Biza iri biyu ce, ana yawan rikita su. Ta gajeren zama a yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake zagayawa da biza ɗaya, kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, zangon karatu kuwa ya fi haka. Wadda ɗalibi ke buƙata ita ce ta dogon zama, mai alamar D, daga ofishin jakadancin ƙasar da zai zauna. Samun ranar ganawa na iya ɗaukar makonni, don haka ranar da takardar karɓa ta iso a ranar za a nemi layi. Jamus na neman shaidar Yuro 992 na kowane wata. Takardar tallafi na iya tsayawa a madadin kuɗin, amma in tallafin bai kai adadin ba sai an nuna cikon. Wajen sayen tikiti a lura da inda jirgi zai yada zango, domin wasu ƙasashe na neman bizar wucewa daga mai fasfon Najeriya ko da ba zai fita daga filin jirgi ba. Daga Zariya, filin jirgin Kano ya fi na Abuja kusa. In ta Abuja ce, a kwana a can, kar a dogara da hanya a ranar tashi.

Iyaye su ji wannan da kyau: kuɗin tallafi ba ya riga yaro isa. Galibi sai ya sauka, ya samu ɗaki, ya yi rajistar adireshinsa, ya buɗe asusun banki, sannan a turo kason farko, kuma akan riƙe wani kaso sai ya kammala ya cike rahoto. Kowane mataki na jiran na gabansa. A Jamus doka ta ba da kwana 14 a yi rajistar adireshi bayan shiga gida, kuma sai da takarda daga mai gidan. A Faransa ana tabbatar da bizar ta intanet cikin wata uku da isowa. Kafin duk wannan ya kammala, ana bin yaro kuɗin haya na farko da kuɗin ajiya, wanda a Jamus kan kai hayar wata uku, ga inshorar lafiya, ga abinci, ga rigar sanyi. Ya tafi da abin da zai riƙe shi wata ɗaya zuwa biyu, wani a hannu wani a katin da aka tabbatar yana aiki a waje. Ɗakin kwanan ɗalibai na jami'a shi ne mafi sauƙi, yana kuma cika da wuri, a nema ranar da aka buɗe. Wanda ya ce a tura masa kuɗin ajiya kafin a ga ɗaki da takardar haya, a rabu da shi. Ga ɗiya mace, a rubuta tun a fom cewa ana son ɓangaren mata zalla, domin a gidaje da yawa maza da mata na haɗa kicin da banɗaki. Hijabi ba matsala ba ne a jami'o'in Faransa, amma an hana niƙabi a bainar jama'a tun 2011.

Jaka yawanci kilo 23 ce. Kilishi, dambun nama, man shanu da duk dangin nama da madara, Tarayyar Turai ta hana shiga da su a kayan matafiyi, za a karɓe a zubar, wani lokacin har da tara. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji a ƙulle su da kyau, in an tambaya a faɗa. Soket ɗin Jamus da Faransa mai ƙafa biyu ne zagayayyu, namu mai ƙafa uku ba ya shiga, a sayi adafta biyu tun daga nan. Batirin cajin waya da takardun asali a jakar hannu suke tafiya.

Sanyin can ba hunturun Zariya ba ne, kuma duhun ya fi sanyin wahalar da mutum. A Balin, babban birnin Jamus, cikin Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, ta faɗi kafin ƙarfe huɗu. Azahar, la'asar da magariba duk suna shiga cikin awa huɗu, daidai lokacin lacca, saboda haka tun makon farko a nemi ɗakin salla ko masallaci mafi kusa, a tsara jadawali da shi. Yaro kan wayi gari ba ya son fita, ba ya son magana, yana ganin kasala ce, alhali kewa ce da rashin hasken rana. Ya riƙa fita da rana ko da na rabin awa ne, ya shiga cikin ɗalibai, in abin ya yi nauyi jami'o'in na da masu ba da shawara kyauta. Mai ciwon sikila ya ga likitansa kafin ya tafi, ya riƙe bayanin lafiyarsa da Turanci, don sanyi na tayar da ciwon. Wanda zazzaɓi ya kama a makonnin farko ya gaya wa likita daga Najeriya ya zo, a gwada shi maleriya, domin ba ita ce likitan can zai fara tunani ba. Lambar gaggawa 112 ce a duk Tarayyar Turai. Naman halal ana samu a shagunan Turkawa da Larabawa, amma a karanta jikin alewa da kayan gwangwani saboda sinadarin alade. A Jamus shaguna a rufe suke ranar Lahadi, cefanen Asabar ne ke ciyar da mutum.

Karatun kansa ya sha bamban. Malami ba zai bi ka ba, wani kwas ɗin jarrabawa ɗaya ce tal a ƙarshe, wata ma ta baka ce, kuma a wurare da yawa rajistar jarrabawa daban take da ta kwas, tana da ranar rufewa. Kwafar rubutun wani ba tare da ambaton mai shi ba na iya kai ga soke kwas ɗin baki ɗaya.

Yawo kuma halal ne, muna ma ƙarfafa shi, don ganin yadda wasu ke tafiyar da jirgin ƙasa da asibiti da ɗakin karatu ilimi ne. Mai bizar D na iya zagaya sauran ƙasashen Shengen har kwana 90 cikin 180, amma Ingila da Ayaland ba sa ciki. A yi yawon a ƙarshen mako ko bayan jarrabawa, da fasfo a jiki, da tikitin da aka saya aka kuma buga masa hatimi a na'ura inda ake buƙatar hakan. Shiga jirgi babu tikiti a Jamus tarar Yuro 60 ce. Aiki an yarda da shi da iyaka, kwana 140 cikakku a shekara a Jamus, awa 964 a Faransa, sai dai mai zango ɗaya da ya sa aiki a gaba da wuya ya kawo maki 30 ɗinsa.

Kafin dawowa a karɓi takardar shaidar zama mai ɗauke da ranar isowa da ta tashi, a soke rajistar adireshi da inshora, a miƙa ɗaki a karɓi kuɗin ajiya, a tabbatar ta wace hanya takardar sakamako za ta iso Zariya. Kuma a dawo kafin biza ta ƙare. Wanda ya maƙale ya zubar da digirin da ya kusa kammalawa, ya kuma jawo wa ƙannensa, domin jami'ar da ta ga ɗalibi bai koma ba tana ɗari-ɗari da sabunta yarjejeniya.

Roƙonmu ga manyan makarantun Zariya shi ne su riƙa manna jerin yarjejeniyoyinsu da ranakun nema a allon kowace tsangaya, su kuma fitar da ƙa'ida ɗaya rubutacciya ta juya maki da yunit, wadda majalisar jami'a ta amince da ita, don kada makomar yaro ta dogara da wanda ke kan kujerar sashe a shekarar da ya dawo.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Daga wasu malamai masu ba ɗalibai shawara,
Samaru, Zariya.