Masu cewa Monument Valley ya yi gajarta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wasan waya, ko da wasu za su ce dattijo ya rasa aikin yi. Ni malamin zanen gini ne. Ɗana ne ya tura mini Monument Valley ta Xender, ban biya ko kwabo ba. Daga baya na ji kamfanin ustwo na Landan, wanda ya fitar da wasan a 2014, ya ce kashi 5 cikin 100 kacal na waɗanda suka sa wasan a wayar Android ne suka biya. Kunya ta kama ni, na saya.

Wata gimbiya ce mai suna Ida, da farar riga da hula mai tsini, take yawo cikin gine-gine masu kubba da hasumiya. Ba faɗa, ba kisa. Kai dai ka murɗa ginin da yatsa, sai matakala biyu da ke nesa da juna su haɗu a ido. Ido na yarda, ita ma sai ta taka ta wuce. Dabarar mai zane Escher ce. A babi na takwas akwai wani akwati da ke buɗewa ɗaki bayan ɗaki. Na daɗe ina juya shi har shayina ya huce.

Masu sharhi sun yaba kyansa. Apple ya ba shi lambar yabo a 2014, ya kuma ci lambobin yabo biyu na BAFTA ta Birtaniya a 2015. Amma kukan wasunsu ɗaya ne: babi goma kawai, awa ɗaya da rabi an gama, a kan kusan dala huɗu. Da kamfanin ya ƙaro babi takwas a kan dala biyu, sai wasu suka fusata suka riƙa ba shi tauraro ɗaya, wato maki mafi ƙasa, a shagon manhajoji.

Nan ne na rabu da su. Wa ya taɓa taya hular zanna bukar da kamu? Aikin allurar ake duba. Masu cewa wasan ya yi sauƙi kuwa, na yarda da su, don wani ɗalibina ya gama shi kafin a kira la'asar.

Makon jiya na kai wayar aji. Darasin zanen kusurwa da na shekara ina fama da su a kai, ranar har rige-rigen fitowa allo suke yi.

Naka,
Wani malamin zanen gini,
Tudun Wada, Zariya