Auta, kada harafin s ya ruɗe ki

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mamanki da yayyenki duk suna gaishe ki.

Na karanta rubutun Turancin da kika turo ta WhatsApp. Ya yi kyau, sai dai inda kika ce "the children was playing" ya tsaya mini a rai, don irinsa ne masu makin WAEC da NECO ke zagayewa da jan biro. An koya muku tun firamare cewa jam'in Turanci da s yake ƙarewa, shi ya sa in idonki bai ga s ba sai ki ɗauka abu ɗaya ne. To children, men, women, feet, teeth, mice da people duk jam'i ne, are, were da have suke ɗauka. Haka police da cattle: "the police are coming". Aikatau ma s ɗinsa na tilo ne: "the child plays", amma "the children play".

Ke da kika tashi da Hausa bai kamata wannan ya ba ki wuya ba. Saniya da shanu ko kama ba su yi ba, amma tun kina goye ban taɓa jin kin ce "shanu ta shigo" ba. Ki riƙa tambayar kanki, guda nawa ake nufi?

Akwai kuma masu s ɗin yaudara: news, mathematics, physics, measles, duk is suke ɗauka. Sheep da deer kuwa ba sa sauyawa, "the sheep is" tunkiya ɗaya ce, "the sheep are" garke ne.

Inda aka fi zamewa shi ne in wata kalma ta shiga tsakani. A "one of the women is sick", mace ɗaya ce ba lafiya, women ɗin da ke kusa da aikatau ba ruwanta. A "the teeth of the child are white" kuwa maganar haƙora ake yi. Ki nemo wanda ake magana a kansa, ki tsallake sauran.

Criteria da phenomena daga Girkanci suka zo, tilonsu criterion da phenomenon. Za ki ji manya masu digiri suna cewa "the criteria is" a rediyo. Kada ki gyara musu a bainar jama'a, amma kada ki rubuta haka a jarrabawa.

Ki gyara rubutun ki sake turo mini kafin Juma'a. Kuɗin littafin da kika ce na ba yayanki ya kawo miki. Allah ya yi miki albarka.

Babanki