Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu: sa hannu ɗaya muka roƙa

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Ni ce magatakardar ƙungiyar mata masu amada da shantu ta mazaɓarmu. Ka san fuskata, don sau huɗu ka wuce ni ina zaune a bencin ƙofar ofishinka.

Maganar ma ka san ta. Wani kamfani ya ware kuɗi don tallafa wa mata masu kiɗa da rawa, ya ce a nema ta intanet. Abu uku ya gindaya: rajistar ƙungiya, asusun banki, da takardar ƙaramar hukuma mai shaida cewa muna nan kuma wannan ce sana'armu. Biyun farko mun yi su da kuɗin adashe, da abin bai kai ba Gwaggo zabiyarmu ta kai akuyarta kasuwa. Na ukun, wanda ba ya cin ko sisin kwabo, shi ya gagara. Zuwan farko aka ce ka tafi Dutse. Na biyu aka ce fayil yana wurin sakatare. Na uku masinja ya ce ba a ga hatimi ba. A na huɗu ne wani ma'aikacinka ya ja ni gefe ya faɗa mini gaskiya, cewa ba ka son a ga sunanka a takardar masu kiɗa, kada a yi da kai a gari. Kafin sati ya zagayo aka rufe karɓar fom.

Ranka ya daɗe, wannan magana ta yi mini ciwo fiye da kuɗin da muka rasa. Lokacin kamfen ba ka ji kunyarmu ba. Motarka ce ta zo ta kwashe mu da ƙorenmu, muka zauna cikin rana a filin makaranta tun hantsi har la'asar. Gwaggo ta saka sunanka da na mahaifiyarka a waƙa, mata suka yi ta guɗa, kai da kanka ka taso ka yi mata liƙi. A ranar ka riƙe lasifika ka ce idan Allah ya ba ka, matan karkara masu sana'a ba za su yi kuka ba. Mun ji da kunnenmu. To ƙwaryar da ta yi maka kiɗa ran nan ita ce dai yau, me ya sauya?

Da nake cike fom ɗin na bi diddigi don in san yadda ake wannan abu a wasu wurare, kuma abin da na gani shi ya hana ni yin shiru. Tun 2002 kamfanin agogo na Rolex yake da shiri na haɗa matashin mai fasaha da gwani ya koya a hannunsa, har da masu rawa da masu kiɗa. Kamfanin Chanel na Faransa ya fara wata kyauta ga masu fasaha a 2021, mutum goma, kowane Yuro 100,000. A nan gida ma gidauniyar MTN ta daɗe tana biya wa ɗalibai kuɗin karatu a makarantar kiɗa ta MUSON da ke Legas. A Amurka akwai wata mata, Terri Lyne Carrington, makaɗiyar ganga ce a kiɗan jaz, wanda baƙaƙen fata suka ƙirƙira a New Orleans. Ganin yadda maza suka mamaye fagen, a 2018 ta kafa cibiya a kwalejin kiɗa ta Berklee don mata su sami wurin tsayawa. Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Germaine Acogny ta Sanagal. Makarantarta ta rawar zamani ba a Dakar take ba, a Toubab Dialaw take, ƙauyen masunta a bakin teku, kuma daga ƙasashe ake zuwa koyo. A 2021 birnin Venice na Italiya ya karrama ta da babbar lambarsa ta rawa. Toubab Dialaw kuwa ƙauye ne kamar namu, ranka ya daɗe.

Mu ba jaz muke yi ba, kuma ba mu ce a kai mu Turai ba. Muna kifa ƙwarya a kan ruwa cikin masaki mu buga, zabiya ta bayar 'yan amshi su karɓa, 'yan mata su buga shantu a cinya. A cikin gida muke yi, tsakaninmu mata, ranar suna ko kamu ko wunin biki. Idan tsoronka malamai ne, ka tambayi matansu, yawancinsu mu muka yi musu kiɗan aure. Da wannan ƙwarya Barmani Choge ta Funtuwa ta shafe shekaru tana zaburar da mata su kama sana'a har ta rasu a 2013, kuma Uwaliya Mai Amada da ita ta yi suna a Kano. Wa ya ce sun zubar da mutuncin Hausa?

Yau sana'ar tana mutuwa a hannunmu. Mai biki ya gwammace ya ɗauko yaro da lasifika da janareta, ya fi masa sauƙi. Tsofaffin da suka haddace waƙoƙin lalle da na daka suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyata ta tafi da waƙoƙin da ni 'yarta ban riƙe ko rabinsu ba, kuma wannan nake gudu ga Gwaggo, wadda yanzu sai an kama ta take miƙewa. Abin da muka rubuta a fom ba wani abin kunya ba ne: na'urar naɗar murya, sababbin ƙore, kuɗin gyartai, da ɗan abin da za a ba tsofaffi huɗu su zauna su koya wa 'yan mata da yamma bayan an tashi daga islamiyya. Cikinmu akwai zawarawa da gwauraye masu marayu, da liƙin biki suke sayen awo.

Akwai maganar ɗakin taron mata da rufinsa ya yaye tun damina biyu, da kwalbatin hanyarmu, amma waɗannan sai wani jiƙon.

Don Allah, ranka ya daɗe, don darajar iyayenka. Kamfanin ya ce zai sake buɗewa baɗi, kuma akwai wasu irinsa da su ma takardar hukuma suke nema. Ba mu roƙi kuɗin ƙaramar hukuma ba. Layi biyar ne a takardar, ni na buga ta a shagon kwamfuta da kuɗina, tana cikin koren fayil a teburin sakatarenka. Idan akwai kalmar da ba ta yi maka ba, ka soke ta da biro in sake bugawa. Idan kuma ka yanke ba za ka sa hannu ba, ka kira mu ka faɗa mana da bakinka, kada a ƙara aiko mana masinja.

Ranar Talata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zo sakatariya da ƙarfe tara na safe. Gwaggo ta ce ko a amalanke ne sai an kawo ta.

Wassalam.

Magatakardar ƙungiyar mata masu amada da shantu,
daga wani ƙauye a Jigawa