A Riƙa Ambaton Sunayen Masu Rubuta Ƙa'idojin Tsaron Kwamfuta

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wasu mutane da muke cin gajiyar guminsu kullum ba tare da mun san su ba, wato 'yan sa kai da ke rubutawa da gyara ƙa'idojin tsaron kwamfuta da intanet.

Ni ma'aikaci ne a sashen kwamfuta na wani kamfani a nan Jos, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a ofishinmu. Akwai wani matashi da ke aiki a ƙarƙashina, wanda yana cikin bin wani kundin ƙa'idoji na yadda ake toshe kafofin da masu kutse ke bi, sai ya lura cewa ɗaya daga cikin matakan da aka rubuta ba ya aiki yadda aka ce. Ya shafe makonni yana gwaji da daddare a gida, da datarsa da man janaretansa, har ya tabbatar da kuskuren, ya rubuta gyara cikin ladabi ya aika wa masu kula da kundin. Suka yi muhawara da shi, suka karɓa, kuma da sabon bugu ya fito sai ga sunansa cikin jerin waɗanda aka yi wa godiya. Ya kawo takardar yana murna ya nuna wa shugabanmu, amsar da ya samu ita ce wannan ba aikin ofis ba ne, kuma ya kula kada ya riƙa ɓata lokacin kamfani. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, wannan kundin da ya gyara shi ne muke nuna wa masu bincike duk shekara a matsayin shaidar cewa na'urorinmu a tsare suke.

Mai karatu zai iya zaton cewa wata gwamnati ce ko wani babban kamfani ke zama ya tsara waɗannan ƙa'idoji. Da yawansu ba haka suke samuwa ba. Ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofar nan da mutum kan gani a wasu wayoyi idan ya shiga shafin bankinsa alama ce ta wata ƙa'ida mai suna TLS, wadda ke rufa asirin saƙo tsakaninsa da bankin. Ƙungiyar IETF ta masana masu tsara ƙa'idojin intanet, wadda ta fara zama a 1986, ita ce ta fitar da ita, kuma ƙungiya ce da ba ta da katin zama mamba: duk wanda ya iya aikin yana iya sa baki. Bugun TLS na baya-bayan nan ya fito a watan Agusta na 2018 bayan kusan shekara huɗu ana tafka muhawara, an yi daftari 28 kafin a daidaita, kuma a ƙarshen takardar an jera sunayen waɗanda suka taimaka ɗaya bayan ɗaya. Haka ƙungiyar OWASP ta masu kula da tsaron manhajoji, wadda aka kafa a 2001, take fitar da jerin manyan haɗurra goma da ke addabar manhajojin intanet tun 2003, haka kuma cibiyar tsaron intanet ta CIS da ke Amurka take tara masana daga ƙasashe daban-daban su yi ittifaƙi a kan yadda ya kamata a saita kowace irin na'ura. Gaskiya ne wasu daga cikin masu wannan aiki kamfanoninsu ne ke ba su lokaci da kuɗin tafiya, kuma wannan ma darasi ne gare mu, domin waɗancan kamfanoni sun gane cewa ribar tana dawo musu. Sauran kuwa suna yi ne bayan sun tashi daga aiki, kamar yaron ofishinmu.

Duniya ta riga ta ɗanɗana abin da ke biyo bayan sakaci da irin waɗannan mutane. A watan Afrilu na 2014 aka gano ɓarakar da aka yi wa laƙabi da Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ɗimbin shafukan intanet suka dogara da ita wajen aiki da ƙa'idar TLS. Sai a lokacin ne jama'a suka ji cewa gudummawar da aikin ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, kuma mutum ɗaya ne kacal yake yin sa a matsayin cikakken aikinsa. Bayan ɓarna ta auku ne manyan kamfanoni suka haɗa kuɗi. Shekara goma bayan haka, a watan Maris na 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfuta yana jinkiri da kimanin rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya tono wata ƙofar sirri da aka dasa a cikin xz, wata manhajar matse fayiloli da kwamfutoci da yawa ke amfani da ita. Yadda aka dasa ta shi ne abin lura: mutum ɗaya ne ya daɗe yana ɗauke da manhajar ba tare da albashi ba, ya gaji, ya ma faɗa a fili cewa ya gaji, sai wani da ba a san ko wane ne ba ya zo da fuskar mai taimako, ya yi haƙurin fiye da shekara biyu yana neman yarda har aka miƙa masa ragama. Bango ne ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga.

Saboda haka nake ganin karrama 'yan sa kai wani ɓangare ne na tsaron kansa. Wanda aka san shi, aka san aikinsa, aka ba shi lokaci da abokan aiki, da wuya a yaudare shi ko gajiya ta sa ya sallama amanar da ke hannunsa ga baƙo. Su ma waɗancan ƙungiyoyi sun fahimci haka. Bayan rasuwar Jon Postel a 1998, mutumin da ya shafe kusan shekara talatin yana tace takardun ƙa'idojin intanet, ƙungiyar Internet Society ta kafa lambar yabo da sunansa domin masu yi wa intanet hidima ta tsawon lokaci, kuma a 2007 Farfesa Nii Quaynor na ƙasar Gana ya karɓe ta.

Na san akwai masu cewa wanda ya yi aiki don Allah ba ya bukatar a ambaci sunansa, kuma neman ambato riya ne. Ina girmama wannan fahimta, amma ban ga ta dace da al'adar ilminmu ba. Duk wanda ya taɓa duba tsofaffin rubuce-rubucen hannu, irin waɗanda ke ajiye a gidan tarihi na Jos, ya san cewa sau da yawa mai kwafa yakan rubuta sunansa a ƙarshen littafi ya nemi a yi masa addu'a, kuma malamanmu ba sa karɓar ilmi sai sun san daga wa aka ɗauko shi. Ambaton suna a wurinsu hanya ce ta sanin wanda za a dogara da shi da wanda za a koma wa idan an ga kuskure. Ko a gayya ma, mai gona yakan san wanda ya zo da fartanyarsa, kuma ranar da gayya ta zagayo kan wancan, ba ya zama a gida.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Shugabannin bankuna da asibitoci da kamfanonin sadarwa su ware wa ma'aikatansu 'yan sa'o'i a wata domin irin wannan aiki, kuma su sa shi cikin takardar auna ƙwazo ta ƙarshen shekara. Jami'o'inmu, da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da ke Abuja, su duba yadda gyaran da aka karɓa a ƙa'idar da duniya ke aiki da ita zai samu maki wajen ƙarin girma, domin masanan da suka tantance shi ba su gaza masu tantance maƙalar mujalla ba, kuma ɗalibin da ya yi irin wannan ya cancanci a lissafa masa shi cikin aikinsa na kammala karatu. Hukumar NITDA kuwa, tun da ita ce ke da alhakin bunƙasa fasahar sadarwa, tana iya tattara sunayen 'yan Nijeriya da suka ba da irin wannan gudummawa ta bayyana su sau ɗaya a shekara, ta kuma taimaka wa kaɗan daga cikinsu da kuɗin halartar tarukan da ake yanke shawara, domin ƙa'idar da aka rubuta babu mu a wurin ba lallai ta yi la'akari da ƙarancin wutarmu da tsadar datarmu da tsofaffin wayoyin da jama'armu ke riƙe da su ba.

Akwai kuma wani al'amari da ya fi rashin godiya muni, wato tsoro. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma hakan daidai ne, sai dai matasa da dama da na zanta da su sun ce idan sun hango ɓaraka a shafin wata ma'aikata gara su yi shiru, don kada mai kai rahoto ya zama wanda ake tuhuma. Ga shi kuwa tun watan Afrilu na 2022 IETF ta fitar da wata 'yar gajeriyar ƙa'ida mai lamba RFC 9116, wadda ke nuna yadda kowace ma'aikata za ta sanar da inda za a kai mata irin wannan rahoto, har da gurbin da za ta nuna inda take gode wa waɗanda suka kawo. Ina kira ga ngCERT, cibiyar kai ɗauki idan an kai wa kwamfutoci hari, da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, ta ƙarfafa wa ma'aikatun gwamnati gwiwa su yi aiki da wannan ƙa'ida, su kuma bayyana a rubuce cewa wanda ya kawo rahoto da kyakkyawar niyya, ba tare da ya taɓa bayanan kowa ba, godiya zai samu.

A nawa ɓangaren, na rubuta gyaran da yaron nan ya yi a takardar auna ƙwazonsa ta bana, na haɗa da kwafin shafin da sunansa yake, na kuma nemi a ba shi yammacin kowace Alhamis domin ya ci gaba. Har yanzu ina jiran amsa daga sama. Ya gaya mini cewa ya sake ganin wani wurin da ke bukatar gyara a kundin, kuma na ce masa ya rubuta ya aika.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani ma'aikacin sashen kwamfuta,
Unguwar Rogo, Jos.