Kafin mu yaba wa Bukele, mu tuna da alƙalai biyar

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku. Kwanakin nan matasanmu sun cika Facebook da yabon Nayib Bukele, shugaban El Salvador, wai ya gama da 'yan daba, wai irinsa muke buƙata. Ban musa cewa kashe-kashe sun ragu a ƙasar ba. Amma akwai abin da masu yabon ke tsallakewa, kuma shi ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ranar 1 ga Mayu, 2021, a zaman farko na sabuwar majalisar dokokin ƙasar, 'yan majalisa 64 cikin 84, magoya bayan Bukele, suka tsige alƙalai biyar na sashen tsarin mulki a Kotun Ƙoli, suka haɗa da antoni-janar. Laifin alƙalan? Hukunce-hukuncensu sun taka wa gwamnati birki a kan dokokin kulle lokacin korona. Ko damar kare kansu ba a ba su ba. A daren nan aka naɗa sababbi, 'yan sanda suka raka su har cikin ginin kotu. Bayan wata huɗu, a Satumba, sababbin suka ce shugaba na iya neman wa'adi na biyu a jere, abin da kundin tsarin mulkinsu ya hana ƙarara. Bukele ya tsaya a 2024, ya ci. A 2025 majalisa ta cire iyakar wa'adi gaba ɗaya.

Za a ce ai doka ta ba majalisa ikon tsigewa, kuma talakawa ne suka zaɓe su. Haka ne. To amma an tanadi wannan iko ne domin alƙalin da ya ci amana. In har hukuncin yau zai iya raba alƙali da kujerarsa gobe, fuskar masu rinjaye zai riƙa karantawa kafin ya buɗe kundi, talaka kuwa ina zai kai kuka?

Mu a Nijar mun ga makamancin wannan, sai dai daga fadar shugaban ƙasa ya zo mana. A 2009 Kotun Tsarin Mulki ta haramta ƙuri'ar raba gardamar Tazarce, marigayi Tandja ya rushe kotun. A Fabrairun 2010 sojoji suka ƙwace mulki.

Don Allah, in za ku sake kawo labarin El Salvador, ku nemi masanin shari'a ya fayyace wa masu karatu abin da ya faru a daren 1 ga Mayu.

Nagode.
Wani mai karatunku daga Damagaram