Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Cikin Gida: a gwada saƙon gargaɗin ambaliya kafin damina

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa. A Satumban 2020 kogin Isa ya kai wajen santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali jan gargaɗi, wato mataki mafi haɗari, daga 620 yake farawa. Madatsar unguwar Lamorde ta fashe, ruwa ya kwana a ɗakunan mutane. Irin wannan jan ruwan damina daga kogunan Sirba, Gorouol da Dargol yake gangarowa cikin kogin Isa, masu awo na ganin tashinsa tun yana hanya. Amma shin labarin zai isa kunnen mai barci a unguwar Kirkisoy da ƙarfe biyu na dare? Sai an gwada a sani.

Muna roƙon a sa rana cikin watan Mayu, a sanar da ita tun saura mako biyu. A ranar, saƙo ɗaya ya fito daga hukumar kare fararen hula, ya katse shirin Muryar Sahel, Tele Sahel da rediyoyin karkara, ya kuma sauka a salular masu layin Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom.

Batun salular ne ke buƙatar lura. SMS layi yake bi, lamba bayan lamba. In cunkoso ya yi yawa sai ya iso bayan ruwa ya riga shi. Wanda ya dace shi ne saƙon da antena ke watsa wa duk wayar da ke ƙarƙashinta lokaci guda. Shi ma yana da gardama: a gwajin Ingila na 23 ga Afrilun 2023, masu wani layi da yawa ba su ji ƙarar ba. Balle mu da ƙananan wayoyi masu maɓalli suka cika kasuwa. Antenar da batirinta ya mutu kuwa, da zarar an ɗauke wuta, kurma ce.

Rubutun Faransanci kaɗai ba zai wadatar ba. A naɗi murya da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci, ta fara da "gwaji ne", ta ƙare da shi. Lasifikar masallaci da sanƙiran mai unguwa su ma a sa su cikin shirin.

A tanadi saƙon sokewa tun kafin ranar. A Hawai ta Amurka, cikin Janairun 2018, gargaɗin makami mai linzami ya fita bisa kuskure, sai da aka yi minti 38 kafin gyara ya biyo.

Kashegari wakilai su shiga unguwa-unguwa, Saga zuwa Karaje, su tambayi wa ya ji, da ƙarfe nawa, a wace irin waya. A buga sakamakon kowa ya gani, a sake gwajin a Tawa.

Huta lafiya.

Wasu ma'aikatan sadarwa da awon ruwa, Yamai